Gamba a Tudu, Ikin a Kwari

Samarin da ke zama a bakin shagon cajin waya na layinmu, nan Agege, sun sha tare ni da yamma idan na dawo da lauje a kafaɗa. Maganarsu ɗaya ce kullum: "Oga, kai kam ka huta. Ciyawa ai ba a shuka ta, Allah ke ba da ita kyauta, kai sai yanka da karɓar kuɗi." Akwai wanda ya ce in nuna masa fili kafin Babbar Sallah, shi ma ya ɗan taɓa. Ban iya ba da amsa a tsaye ba, domin idan na fara bayani sai in ga na yi nisa, su kuma sun koma kan wayoyinsu. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ina roƙon a ɗauki abin da zan faɗa a matsayin abin da na gani a fili ɗaya. Wata ƙasar tana iya yin wani hali dabam.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a wasa lauje ne. Na karanta kiwon dabbobi a jami'a, bautar ƙasa ta kawo ni kudu, na gama na yi ta yawon neman aikin ofis har dunduniyar takalmina ta cinye. Wani ɗan garinmu ya haɗa ni da Baba Jatau, dattijon da ke kai wa dillalan shanu na Oko-Oba ɗanyar ciyawa. Shanun da tirela ke saukewa daga arewa a galabaice suke isowa, wasu ko tsayuwa ba sa iyawa, kuma ba ranar da suka sauka ake sayar da su ba. Harawa da dusa suna da tsada a nan, ba sa kuma buɗe cikin dabbar da ta sha hanya kamar yadda ɗanyar ciyawa ke yi. Baba ya dubi hannuna, ya miƙo mini lauje da dutsen wasa. Ya ce gefe ɗaya kawai ake wasawa, daga gindi zuwa tsini, ana ɗiga ruwa. Laujen da bai ci wasa ba tsinka yake yi, ba yanka ba, ciyawar da aka tsinka kuwa bakinta kan bushe, ta daɗe ba ta tofo ba.

Ban da lauje akwai adda, don tsofaffin gindaye da suka yi ƙarfi. Akwai baro, akwai takalmin roba mai tsawo saboda fasassun kwalabe da abin ƙasa, akwai gammo. Igiya ba a saya, ciyawar kanta ake murɗawa a ɗaure dami da ita. Wanda bai iya wannan murɗi ba, daminsa zai watse a tsakiyar titi, direban danfo ya zage shi da Yarbanci, ya tsaya yana tsince ciyawa a ƙarƙashin mota. Ya faru da ni fiye da sau ɗaya.

Tare muka fara da Hamidu, mutumin Nijar daga wajen Madawa, wanda gadi yake yi kafin ya zo wurin Baba. Ƙaƙƙarfa ne, mai yawan dariya. Tun ranar da ya ji na yi jami'a ya sa mini suna Dakta, sunan ya bi ni har kara, inda ake tsare shanu ana ciniki, har yau wasu ba su san sunana Nuhu ba. Ban ce ba shi da ƙwazo ba, yana da shi. Abin da zan iya cewa kawai, shi ba ya tambayar dalilin komai, kuma ban ga hakan ya taɓa rage masa wani abu ba.

Filin da muke yanka yana gaba da Oko-Oba kaɗan, a ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, inda aka hana gini. Kashi uku ne. Akwai tudu, jar ƙasa ce mai marmara, idan ka sare ta da fartanya sai ta yi ƙara. Akwai kwari, inda ruwan da ke gangarowa daga wani garken shanu ke bi ya kwanta, ƙasar baƙa ƙirin, mai maiƙo. Tsakaninsu akwai gangare, ba shi da daɗin kwari, bai kai tudu tauri ba. Filin ba namu ba ne. Na wani gidan Yarbawa ne da suka bar mu muna yanka saboda muna hana wurin zama juji. Sharaɗinsu ɗaya: kada a kafa komai. A Legas wanda ya kafa turke ya ce fili nasa ne, ko sanda ka soka da safe, kafin azahar 'ya'yan masu ƙasa sun iso.

To tunda ba turke ba shinge, masu ciyawa sun daɗe da yin tasu dabarar. Kowane mutum irin ciyawa ɗaya yake riƙewa, kuma inda ciyawarka ta tsaya, nan iyakarka ta tsaya. Idan iri biyu suka cakuɗe a wuri, wadda ta fi yawa ita ke da wurin, mai ita kuma shi ke yanka. Dokar tana da wani amfanin: idan aka saci dami aka kai kara, da gani an san na wane ne. Na ji wannan doka tun makon farko, na ce tana da ma'ana. Har yanzu ina ganin tana da ma'ana, ko da yake ita ce ta cinye ni.

Da gwiwar Baba ta hana shi sunkuyo, sai ya raba mana filin. Ya ba Hamidu kwari da ciyawar da ke ciki, wadda Yarbawa ke kira ikin, mu ma haka muke kiranta. Ni ya ba ni tudu da gangare, inda gamba take, wadda shi da kansa ya kawo saiwarta daga arewa ya dasa.

"Malam Nuhu, kai ka yi karatu," in ji shi, "za ka san yadda za ka yi da ƙasa mai wuya. Hamidu in na ba shi tudu, yunwa za ta kashe shi."

Na yi godiya. Har yau ban tabbata yabo ne ba. Gaskiya ne nawa ya fi na Hamidu faɗi, amma ya kamata ku gane cewa tudun kansa ba ya ba da abin kirki. Mafi yawan damin da nake kaiwa kara daga gangare yake fitowa. Da shi nake biyan haya, da shi na yi aure. Idan aka cire gangare, abin da ya rage bai isa ya riƙe mai saye ko ɗaya ba.

Yanzu bari in faɗi halin ciyayin biyu, domin nan ne masu cewa Allah ke ba da ita kyauta suke ɓata. Gamba mai haƙuri ce. Saiwarta tana nitsewa ƙasa sosai, tana neman abinci inda wata ba za ta kai ba, kuma kaɗan ya ishe ta. Amma ba ta gaggawa. Idan ka yanke ta sai ta ɗauki lokaci kafin ta murmure, idan kuma ka bar ta ta wuce lokaci sai ta yi kara, shanu su ci ganyen su bar maka sauran. Ikin kuwa mayunwaci ne. Ganyensa faɗi gare shi, laushi gare shi, shanu suna son sa. A ƙasa mai taki yana tashi kamar ana jan sa, a jar ƙasa kuma sai ya yi rawaya, ya tsumbure, gamba ta zo ta danne shi. Don haka ba za a ce wannan ta fi wancan ƙarfi ba. Ƙasar ce ke zaɓar wanda zai ci. Shekaru da yawa iyakata da Hamidu ba ta motsa ba, saboda ikin ya hau har inda daɗin ƙasa ya ƙare ya tsaya, gamba ta sauko har inda ya fara ita ma ta tsaya. Babu wanda ya ja layin, amma daga nesa kana ganin sa, kore mai duhu a ƙasa, kore mai toka-toka a sama. Akwai ta uku, tofa, wadda ba ta kowa ba ce kuma ba mai son ta. Ita jira take ƙasa ta gaji gaba ɗaya ta shigo, kuma idan ta shigo fitar da ita aiki ne na shekaru.

Kai dami kara da sassafe shi ne rabin sana'ar. Babban mai sayenmu Alhaji Sambo ne, dillalin da ba ya rasa shanu a ɗaure. Mu biyun yake saya wa, amma akwai yadda yake yi. Damin Hamidu ba ya dubawa, da ƙafa kawai yake nuna inda za a ajiye. Nawa kuwa sai ya zaro kara ɗaya ya lanƙwasa.

"Dakta, wannan ta ci ce, ko zana za mu saƙa?"

"Alhaji, ai jiya na yanke ta. Idan ka duba ganyen…"

"Na duba. Shanuna ma sun duba shekaranjiya, suka bar mini itace."

Sai a yi dariya, ya saya, amma bayan na Hamidu ya ƙare. Littafi ya ce gamba ta fi jure rani, kuma gaskiya ne. Na yi ta jiran ranin da zai nuna haka. Sai dai kwarin Hamidu bai san rani ba, ruwan garke ba ya yankewa. Kafin in yi yanka ɗaya ya yi biyu, wani lokaci ya doshi uku. Ba ya zuba komai, ba ya cire komai, ba ya ma zagayawa ya duba. Na taɓa ganin sa yana barci a inuwar baronsa da hantsi, ciyawa na tashi a gefensa. Ya sayi okada ya ba wani yana ja masa. Daga baya ya sayi na biyu, ja, mai sabon fenti. Ba wai ina lura ba ne, a bakin hanyata ake ajiye su. Ni kuma ina tudu da fartanya, ina raba gindayen gamba ina dasawa a gurbin waɗanda suka mutu, ina tone tofa tun tana ƙarama, ina sanin sunan kowace ciyawa a harshe uku.

Kwasar taki na fara ne a wata shekara bayan Alhaji ya rage abin da yake karɓa a wurina. A bayan mayanka akwai matan da ke wanke kayan ciki. Abin da ake zazzagewa daga tumbin shanu, ciyawa ce da aka tauna ba ta gama narkewa ba, tsibi-tsibi ake tara shi, suna neman mai kwashewa. Na je wurin shugabarsu, Iya Mulika, Bayarbiya ce amma Hausa a bakinta kamar a Sabon Gari aka haife ta.

"Malam, an ce kai mai digiri ne. Abin cikin tumbi za ka kwasa?"

"Taki ne mai kyau, Iya. In dai an bar shi ya ruɓe."

"Kwashe duka, har da na gobe. Amma kada ka biyo ta gaban mai abincin can da baronka, za ta tsine mana."

Na bi ƙa'ida gwargwadon iyawata. Na tara shi a gefe, na rufe da busasshiyar ciyawa, ina juyawa, har zafinsa ya sauka, warinsa ya koma na ƙasa. Watakila ban bar shi ya daɗe yadda ya kamata ba. Watakila kuma gefen tsibin bai yi zafin da tsakiya ta yi ba. Ba zan iya rantsuwa ba. Na san taki yana taimakon ciyawa mai haɗama fiye da mai haƙuri, wannan ɗalibin shekarar farko ma ya sani. Lissafina shi ne in zuba kaɗan, a gangare kawai, in bar tazara tsakanina da iyaka, duk ikin da ya leƙo kuma in tuge shi da hannu.

Shekarar farko ban taɓa ganin gamba irin wannan ba. Ganyen ya yi faɗi, ya yi duhu, karan ya yi laushi. Alhaji ya zaro ɗaya ya lanƙwasa, ya sake zaro wani, ya nuna mini wuri da ƙafa. Ranar na koma gida a ƙasa, ban hau mota ba, don in daɗe ina tunawa. Da damina ta sake zagayowa na ƙara taki, na kuma faɗaɗa, har na ci rabin tazarar da na bari.

A wannan damina ta biyu na fara ganin 'yan tsiro masu faɗin ganye a tsakanin gindayen gamba. Ba daga iyaka suka taho ba, ko'ina suka fito lokaci guda, har can sama inda iska ba za ta kai iri ba. Na tsuguna na daɗe kafin in gane. Shanun da ake yankawa a mayanka, da yawansu ikin ɗin Hamidu suka ci a kwanakinsu na ƙarshe, shi kuwa Hamidu ba ya damuwa ko ciyawarsa ta fid da kai, haka yake yanko ta da 'ya'yanta. Irin ya shiga tumbi, ya fito a tsibin Iya Mulika, ni na ɗora shi a baro na tura shi sama da ƙarfina, na kuma shimfiɗa masa abincin da zai ci.

Na shiga tuga. Da safe in yi yanka in kai kara, da rana in dawo in tsuguna. Ina jin da a wata shekarar ce da na ci ƙarfinsa, ko da yake ban tabbata ba. Amma shekarar Babbar Sallah ta faɗo tsakiyar damina, raguna suka cika Agege har bakin titi, kowa na neman ciyawa, Alhaji kuma ya ce kullum yana son dami kaza daga wurina, in ba haka ba ya nemi wani. Dole na riƙa yanka gangare tun bai isa yanka ba. Nan ne abin da nake so matasa su riƙe. Lauje ba ya bambanta ciyawa, tare yake kwantar da su, amma ba tare suke tashi ba. A ƙasa mai taki ikin ke riga miƙewa, ya buɗe ganye, ya rufe rana. Gamba ta tofo a inuwa, siririya, ba ta gama murmurewa ba in sake zuwa da lauje. Duk yankan da na yi, na ƙara masa ne na rage mata. Ina gani, ina sane, kuma ban iya dainawa ba saboda raguna na jira. Kafin ƙarshen damina, idan ka tsaya a tudu ka duba, koren mai duhu ya hauro har kusan ƙafarka.

Wata safiya na iso na tarar da Hamidu a tsakiyar gangare, ya riga ya ɗaure dami biyu.

"Dakta, ina kwana? An tashi lahiya?"

"Lafiya lau. Hamidu, ina jin ka wuce wurinka."

Ya miƙe, ya duba hagu, ya duba dama, ya ɗago ciyawar da ke hannunsa. "Wanga mi ne?"

"Ikin ne. Amma ni na…"

"To ikin na wa ne?"

Ba da faɗa ya yi maganar ba, yana murmushi ma. Na ce mu je wurin Baba. Ya ce to, amma bari ya kai waɗannan kara tukuna kada su yi yaushi.

Baba Jatau ya zo da sandarsa washegari, tare da wasu masu ciyawa biyu da ke yanka a gaba da mu. Alhaji Sambo ma ya biyo su, wai hanya ce ta biyo da shi. Baba ya ratsa gangaren a hankali, yana buɗa ciyawa da sanda, yana leƙa gindi. Ya je ƙarshe ya dawo, ya zauna a kan barona da aka kifa.

"Malam Nuhu, ikin ya fi yawa. Ko kai ka ga wani abu dabam?"

"Ya fi yawa, Baba. Amma ba daga kwari ya hauro ba. Ni na kawo irin, cikin taki, ba da sani ba. Takin nawa ne, wahalar tawa ce."

"Na yarda. To wa ya gani? Gobe wani ya ce shi ma tsuntsu ya aika ya shuka masa. Abin da ido ke gani muke bi, shi ya sa ba mu taɓa zuwa gaban 'yan sanda ba."

A nan ya kamata in yi shiru, in roƙi a raba mana gangaren ko a ba ni damina ɗaya in gyara. Ina jin da Baba ya duba. Amma na ga kamar ba su fahimci asalin abin ba, ni kuma ba na iya barin bayani a rabi. Na ce wurin nan a halittarsa na gamba ne. Na debo ƙasa na nuna musu yadda baƙin bai wuce tsawon yatsa ba, ƙarƙashinsa ja ce. Na ce ikin baƙo ne a nan, takin da na zuba yake ci, kuma duk damin da aka yanka aka fitar, da abincin ƙasar ake fita. A bar shi shekara biyu ko uku ba a ƙara komai ba, zai yi rawaya ya rame, gindayen gamba da ke ƙasa ba su mutu duka ba, za su farfaɗo su karɓi wurinsu. Na yi bayanin da kyau. Ban taɓa yin bayani mai kyau kamar na ranar ba, har ɗaya daga cikin masu ciyawan nan biyu yana gyaɗa kai.

Baba ya ce, "To ai shi ke nan, babu rigima. Yau na Hamidu ne. Ranar da gamba ta fi yawa, ya koma naka. Dokar ba ta canza ba."

Hamidu yana tsugune yana sauraro tun ɗazu, yana tauna tsinke. Sai ya cire tsinken.

"Dakta, ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba, ka gyara mini in na ɓata. Ka ce in an bar shi ba taki, shina mutuwa."

"Zai ragu, e. A hankali."

"To in ba a bar shi ba fa? In ana zuba mishi kowace shekara?"

Kowa ya juyo yana dubana. Na san amsar, su ma ina jin sun gane na sani. Na ce ya danganta da yawan ruwa, da irin takin, da yadda ake yanka. Na ce ba a taɓa gwadawa a wannan filin ba, don haka ba za a yanke hukunci ba. Hamidu ya jira na gama.

"Amma shina zama?"

"A mafi yawan lokuta," na ce, "zai zauna."

Alhaji Sambo ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce shi dai ya sha jin ana cewa hassada ga mai rabo taki ce, amma bai taɓa ganin an kai ta da baro ba sai yau. Ban ga abin dariya ba, kuma ban yarda hassada ce ta sa na zuba taki ba, neman gyara ne. Amma maganar ta zagaya kara kafin la'asar.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni da na gani. Tudu kaɗai ya rage mini. Alhaji ya koma wurin Hamidu gaba ɗaya, ba da wata mugunta ba, shi mai cika masa adadi yake nema. Na koma bin masu akuya biyu, masu rago ɗaya, a lungunan Agege, ina sayar da ƙananan ƙulli. Na yi dako a mayanka na ɗan lokaci. Maiɗakina ta fara soya awara a ƙofar gida. Ban bar tudun ba, domin da na bar shi damina ɗaya tofa za ta shiga, shi ke nan ba ni ba fili. Na koyi yanka gamba tun tana gwiwa, kafin ta yi kara. Na koyi shanya ta a inuwa in adana wa masu kiwon gida. Na shuka ɗan wake-wake mai yaɗo a tsakaninta don ya ƙara wa ƙasar ƙarfi kaɗan, ba irin ƙarfin da zai gayyato ikin ba. Wannan awon, na ciyar da ƙasa daidai yadda taka za ta ji daɗi ta maƙwabci ba ta ji ba, shi ne abin da ya fi komai wuya a sana'ar, kuma ban ce na gama iya shi ba. Da shi dai nake ci har yau, ba yabo ba fallasa.

Gangaren kuwa na zuba masa ido. Na bar layi ɗaya na gamba a bakin iyaka ba na yankawa, don ta fid da kai iska ta kai irin ƙasa. Na yi tsammanin Hamidu zai manta, domin mutum ne da bai saba wahalar ƙasa ba. Shekara ta farko bai zuba komai ba, na ga gefen sama ya fara rawaya, na ga gamba tana leƙowa nan da can. Ban faɗa wa kowa ba, ko a gida. Da ruwan farko na shekara ta biyu ya sauka, sai na hango shi yana turo baro daga wajen mayanka. Bai ma tsaya ruɓar da shi ba, haka ya watsa shi ɗanye, ya ƙona wasu wuraren, sauran kuma suka yi duhu cikin 'yan makonni. Tun daga nan bai fasa ba. Baba Jatau ya koma gida ya rasu, Allah ya jiƙansa, doka tana nan yadda ya bar ta.

Bana ma, farkon damina, ina tudu ina tonon tofa sai ga Hamidu ya hauro har inda nake. Ya yi furfura yanzu, ya yi tumbi, ƙafa ɗaya na damun sa. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi nasa. Ya nuna gefen gangaren da ya ɗan koɗe.

"Dakta, wancan wurin ya fara ja da baya. Burweti nawa za ni zuba mishi? Bara na zuba da yawa ya ƙone, ba ni son in yi ɓarna."

Baro yake nufi da burweti. Na dubi wurin. Gamba ta riga ta kafa gindi a ciki, ƙanana, amma na ƙirga su da ido tun kafin ya zo. Idan na ce ya zuba baro biyu, ba za su ishi ikin ɗin ba, kuma shi ba zai taɓa sanin dalili ba. Kafin damina biyu wannan gefen ya dawo hannuna, a gaban kowa, bisa doka. Yana tsaye yana jira, hannunsa a kan ƙugu.

Na ce ya zuba biyar, ko shida idan ruwa ya yi yawa, kuma ya bar shi ya ruɓe tukuna.